Ƙoƙon Yaye

Idan hantsi ya yi, yaran makaranta suka gama wucewa ta ƙofar gidan nan, sai shiru ya sauka kamar an kwashe unguwar an tafi da ita. Ina zaune kan tabarma a bakin ɗakina, ina jin keke mai ƙafa uku can bakin titi, ina jin kurciya a kan mangwaro, wata rana in ji ana kora shanu kasuwa, amma kukan yaro ko ɗaya babu. Ni kuwa a cikin kukan yara na tashi, a cikinsa na yi aure, a cikinsa na yi furfura. Ban shiga aji ba, ban san baƙi a takarda ba, kuma ban taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba, domin abin da na iya ba a allo ake koyar da shi ba. Yaye na iya. Ku tambayi duk wani magidanci a wannan unguwa a hannun wa ya bar nono. In bai ce ni ba, to baƙo ne.

'Yan yanzu ba su san yadda ake yi ba, sai na faɗa. A da, idan yaro ya kusa shekara biyu, ba a raba shi da nono a gaban uwarsa. Wurin tsohuwa ake kai shi. A Mugulbu, inda na tashi, tsohuwar nan kakata ce ta wajen uba, wadda kowa ke kira Dada. Kakanmu namiji daga yamma ya zo da fataucin fata, ya zauna a gindin duwatsun nan ya aure ta, Bafillatana doguwa, mai magana a hankali, Hausarta rabi Fillanci. Ba danginmu kaɗai ke kawo mata yara ba. Matan Gude ma suna saukowa da nasu a goye, da damin dawa a ka, su ajiye su koma. Idan wani ya tambaye ta yaya take yi da yaron da ba ya jin yarenta, sai ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin yaron da ya yi kuka da Gudanci ba.

Da sassafe uwa ke zuwa. Ta sauke yaron a tsakar gida, ta ɗauki tulu kamar za ta je mayo, wato rafi, ɗebo ruwa, ta fice ta ƙofar baya tana share hawaye, ba za ta sake nuna fuskarta ba sai an aika mata. Dada ta wanke allon rubutun da malam ya yi, ta ba yaron ya sha, sannan ta dama kunun gyaɗa da tsamiya. Kowane ɗan yaye da ƙoƙonsa. Dada ke sa wuƙa a wuta ta yi wa kowane ƙoƙo zanensa a baki, wannan tsaga biyu, wancan uku, wani kamar sawun kaza, kuma ba a taɓa ba wani yaro kunu a ƙoƙon wani. Kwana ukun farko kuka ne, ba wasa. In ya yi tsanani sai ta ɗaura yaron a cinya ta ba shi nata nonon da ya daɗe da bushewa. Ya ja, ya ja, bai ji komai ba, ya ɗago ya harare ta, ita kuwa ta yi dariya ta ce masa kasuwa ta tashi, ga kunu. A rana ta huɗu da kansa zai miƙa hannu. Da yamma, idan ta wanke ƙoƙunan ta kife su a kan danga, sai ta ƙirga su da yatsa, ta juyo ta ƙirga yaran. Kullum haka take yi, ko da biyu ne kacal.

Aikina a lokacin ɓarar gyaɗa, da tsince ta, da wankin tsumma a mayo, da goyo. Ban kai in ɗauki tulu cike ba amma bayana bai taɓa hutawa ba. Har yau idan na ji ƙamshin gyaɗa a kasko sai in ji nauyin yaro a ƙuguna.

Wata shekara bayan an gama girbi aka kawo Dudu, 'yar baffana. Yarinya ce 'yar ƙarama, mai manyan idanu, ba ta cika kuka ba, amma taurin kai kamar akuya. Ta ƙi karɓar ƙoƙo daga hannun kowa, har Dada, sai daga nawa. In na goya ta sai ta kama kunnena ta riƙe kamar igiya, tana kiran Adda, Adda, wato yaya, ita ce kalmar da ta fi iyawa. Dada ta yi wa ƙoƙonta tsaga ɗaya doguwa. Uwarta na fama da laulayin wani cikin, saboda haka ko da yayen ya kama, sai aka bar ta a wurinmu.

Tana nan ne labari ya zo cewa mutanen gwamnati na bin gari gari suna yi wa jama'a lamba. Sukan karce damtse su sa magani, wai don agana, ciwon nan mai feso ƙuraje da ke makantar da mutum ko ya kashe shi. Magana ta yi yawa a bakin rijiya. Wasu suka ce hannun kan kumbura ya ruɓe. Wasu suka ce ƙirga mutane ake yi a fakaice. Tsofaffin mata kuma suka ce babba zai iya ɗauka, amma ɗan yaye jininsa bai yi kauri ba, jiya jiya ya saki nono. Dada ba ta shiga wannan surutu ba. Ita abin da ya tsaya mata daban ne, kuma duk mai yaye ta san shi: ɗan yaye amana ne, yadda aka kawo shi haka ake mayar da shi. Ko ƙuna ce ta same shi a murhu, sai tsohuwa ta kasa haɗa ido da uwar. Ta ce mu 'yan gida a yi mana, ubanmu na nan, ya yarda. Amma Dudu an kawo mata ita jikinta sumul, uwarta na kwance, ubanta ya tafi fatauci, ba za ta tsaya tana kallo baƙo ya tsaga mata fata ba.

Ran da suka zo, sanƙira ya zagaya tun da safe cewa kowa ya fito gindin tsamiyar mai gari, kada a bar ko jariri. Dada ta jingina tsani a jikin rumbu, ta ɗaga jinkar, ta ce in hau. Ni ce mara nauyi, kuma ni kaɗai Dudu za ta yi wa shiru. Na sauke ta a kan zangarniyar dawa, na miƙa mata ƙoƙonta da kunu da guntun rake, na ce mata wasan ɓuya muke yi, kada ta yi motsi sai Adda ta zo. Ta dube ni da idanun nan nata, ta sa rake a baki. Na mayar da jinka, na bar 'yar kafa don iska.

A gindin tsamiya layi ya yi tsawo. Mai lambar wani siriri ne da gajeren wando, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ba shi da faɗa. Ya kama damtsena ya karce, ban yi ko uhum ba. Sai idonsa ya sauka a ƙuguna. Ashe na manta ban kwance majanyin da nake ɗaure Dudu da shi ba.

Ya ce, "'Yan mata, wannan majanyin na wa? Akwai sauran yaro a gidanku?"

Na ce, "Babu."

Ya ɗan dube ni, ya sake ni, ya ce na baya ya matso. Na koma gida ina tafiya kamar wadda ta ci gari da yaƙi. Na ciro Dudu daga rumbu ta yi barci, ƙaiƙayi duk a gashinta, ƙoƙon a rungume. Ranar Dada ta dafa mini ƙwan zabo ni kaɗai, ta gaya wa maƙwabta cewa wannan jikar tata tana da zurfin ciki, za a iya ba ta ajiya. Ban taɓa jin daɗin yabo kamar na ranar ba.

Hannuna ya kumbura, ya yi ruwa, ya bushe, ya bar tabo kamar kwabo. Da zafi ya shigo, agana ta shigo Mugulbu. Mu da aka yi wa lamba ko ciwon kai ba mu yi ba. Dudu ta fara da zazzaɓi, kwana uku ƙuraje suka feso, har cikin baki. Dada ta ɗauke ta ta shige da ita bukkar bayan gida, ta hana kowa zuwa. Ni ke kai kunu in ajiye a bakin ƙofa in ja da baya. Ina jin ta daga ciki tana kiran Adda, don ba ta karɓar ƙoƙo a hannun kowa, ni kuma an ce kada in shiga. Kiran yana raguwa kullum. Wata safiya na kai kunu, Dada ta leƙo ta ce in mayar.

Ba wanda ya zargi kowa. Yara da yawa sun tafi a wannan bazara, aka ce kwana ne ya ƙare, kuma ni ma na yi imani kwana ne. Uwarta ta zo da tsohon ciki, Dada ta durƙusa a gabanta, tsohuwa a gaban surukar gida, abin da ban taɓa gani ba. Da yamma ta kife ƙoƙuna a danga ta ƙirga, ta juyo za ta ƙirga yara, sai ta bar yatsan a sama. Bayan wasu watanni muna tsintar gyaɗa mu biyu, ta kama damtsena, ta ɗora babban yatsanta a kan tabon, ta daɗe tana dannawa. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo mai tsaga ɗaya, ta ajiye a cinyata. Daga ranar har ta bar duniya ba mu taɓa ambatar rumbun nan ba, ni da ita.

Da na yi aure na dawo cikin garin Mubi, na haifi nawa, girma ya zo, sai aka fara kawo mini yaye ni ma, har sunan Dada ya dawo kaina. Komai yadda ta koya mini nake yi, sai abu ɗaya. Ba na karɓar yaro sai na duba damtsensa. Da aka daina lamba aka koma allura da kati, sai in ce a kawo mini katin. Ba na karatu, amma a jikin katin na san gidan da aka cike da wanda aka bari fari. In na ga fari sai in ce a koma asibiti tukuna. Mata suka sa mini suna nas ba albashi, wasu suka yi fushi suka kai nasu wani wuri. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba, ko mijina. Kuma cikin ikon Allah, duk yaron da aka sauke a tsakar gidan nan da ƙafarsa ya fita.

To yanzu duniya ta juya. Gwamnati ta gina ɗakin shan magani a bayan unguwa, ana auna yara a sikeli kamar gyaɗa, ana ɗaura musu wani zare a damtse a ga ko tamowa ta kama su, wanda ya rame a ba shi gyaɗar leda ya tsotsa. An ce wata shida nono zalla, ko ruwa kada a ba jariri, mu da muke ɗura musu jiƙo tun ran suna. A firamare kuma an buɗe aji na 'yan ƙanana, tun yaro bai iya ɗaura wando ba an rataya masa jaka. Wato gwamnati ta zama kaka. Ban ce ba ta yi ƙoƙari ba, yaran yanzu fuskokinsu sumul, ba ka ganin mai zanen agana sai a cikin tsofaffi irina. Amma kaka ce da ke tashi aiki da azahar. Na leƙa ajin nan ta taga sau ɗaya, malama ɗaya ce, yarinya ƙarama, yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, wannan na kuka, wancan ya jiƙa wando, kofi ɗaya na roba yana yawo daga baki zuwa baki. Rufin ma in an yi ruwa sai a matsa gefe. A ɗakin maganin kuma wata rana a ce allura ta ƙare, a dawo mako mai zuwa. In da za a kai maganata inda ake yanke shawara, cewa zan yi: tunda kun karɓi aikin nan daga hannunmu, ku riƙe shi da hannu biyu. Ku ƙara wa yarinyar nan mataimaka, ku biya ta a kan lokaci, ku ba kowane yaro kofinsa. Ɗan mutane amana ne, ba a yi masa rabin aiki.

Tun shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo garin nan, 'ya'yana suka watse, wasu Yola, wasu can gaba, ba su dawo da zama ba. Wadda ta rage mini kusa jikata ce Hauwa, tela ce, tana da shago a hanyar kasuwa, da 'yarta Ummi. Shekaru sun yi nisa rabon da a kawo mini yaye, amma ban taɓa shakkar za a kawo mini Ummi ba, jinina ce. Ina ƙirga watanninta a zuciya. Da ta kusa biyu na sayi gyaɗa mai kyau na soya, na jiƙa tsamiya, na aika wa malam a yi rubutu. Na buɗe adudu na ciro ƙoƙo mai tsaga ɗaya, wanda ban taɓa ba wani yaro kunu a ciki ba, na wanke na kife a rana. Na ce a raina wannan ce ta ƙarshe, bari ta sha a na Dudu.

Ranar Juma'a Hauwa ta zo gaisuwa da yarinyar. Ta ga gyaɗa a faranti, ta ce tsohuwa ko biki za ki yi ba ki gayyace mu ba. Na ce bikin 'yarki ne, ki kawo ta ranar Lahadi da sassafe, ki zo da tulu ko bokiti don ki sami abin fakewa. Sai ta fara sosa ƙeya. Ta ce nas ta ce ba a raba yaro da uwa rana ɗaya, yana firgita shi, a hankali ake rage nono yana gida. In ta cika uku kuma za ta shiga ajin ƙanana. Na tambaye ta wace nas, ta kwatanta mini, na ce wannan ai ubanta a cinyar nan ya harare ni, yanzu ita ce za ta koya mini yaye? Hauwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Cikin dariyar ne ta ce, "Dada, ku fa a zamaninku goma ake haifa a tsira da huɗu. Ina sauran suke?"

Wasa take yi, irin na jika da kaka, na sani. Amma ji na yi kamar an ɗaga jinkar rumbu. Na ce ta ɗauki 'yarta su tafi, rana na yi. Ta tsaya tana kallona, ta ce Dada me na ce, na juya mata baya. Juma'a biyu ba ta zo ba, ni ma ban aika ba. Ƙoƙon na nan a kife a kan katanga, gyaɗar ta fara sanyi.

Ana nan wata safiya na ji sallama. 'Yan mata biyu ne da hijabi, ɗaya rataye da kular magani, ɗaya da alli a hannu, masu bin gida gida suna ɗiga wa yara rigakafi a baki. Suka gaishe ni da ladabi. Mai kular ta leƙa tsakar gida, ta ga ƙaramin ƙoƙo a kan katanga.

Ta ce, "Mama, akwai yaro a gidan nan?"

Na ce, "Babu."

Ta ce to Allah ya ƙara lafiya. Ɗayar ta yi rubutunta da alli a jikin ƙofa, suka wuce gidan gaba. Na daɗe a tsaye a wurin. Sau biyu ke nan a rayuwata mutumin gwamnati ya yi mini wannan tambaya, sau biyu na ba da amsa ɗaya. Ta farko ƙarya ce, aka dafa mini ƙwai. Ta biyu gaskiya ce, ba kowa a gidan da zai ji.

Na ɗauki mayafi, na ƙulle gyaɗar a leda, na sa ƙoƙon a ciki, na tari keke zuwa shagon Hauwa. Tana kan keken ɗinki, Ummi na wasa da ƙyalle a ƙasa. Na ce ta tsayar da ƙafarta. Na naɗe hannun rigata na nuna mata tabon, na ba ta labarin rumbu tun daga tsani har bukkar bayan gida, abin da ko uwarta ba ta taɓa ji ba. Da na gama ta share fuska da gefen atamfar da take ɗinkawa, ta ce in na so ta kawo Ummi ranar Lahadi, ko kwana uku ne.

Allah ya sani na so. Bakina har ya buɗe. Sai na ce a'a, ta yi yadda nas ta ce. Dada ma don ƙauna ta yi abin da ta yi, kuma ta fi ni sanin yara. Na ce abu ɗaya nake roƙo, in za ta ba ta kunu, ta ba ta a wannan, kada kuma wani yaro ya sha a ciki. Nan take ta aika aka karɓo ruwan zafi a wurin mai shayi, na dama da hannuna. Na miƙa wa Ummi, ta maƙe kafaɗa ta ɓuya a bayan uwarta. Hauwa ta karɓa ta miƙa mata, ta kama da hannu biyu ta shanye, har da lashe tsagar.

Yanzu Ummi ta shiga aji. Ta ƙofar nan suke wucewa da safe, ita da 'yan unguwa, cikin yunifom da ya fi su girma, wani na jan wani. Takan ɗago hannu ta ce Dada, ba ta tsayawa, kada a makara. Ni kuma ina daga zaune ina ƙirga su da yatsa. Da azahar in sun taso in sake fitowa in ƙirga. Jiya sun cika, yau ma sun cika. Sai in naɗe tabarmata in shiga ciki, in ɗora tukunyar mutum ɗaya.